Tsokaci a Kan Sababbin Gine-ginen Kano da Makomar Kalmomin Gini

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da hutu ya mayar da ni Kano daga wurin aikina a kudancin ƙasar nan, nakan tarar wani soro da na sani ya zama bene, wani fili kuma ya koma jerin shaguna. Manufar wannan tsokaci ita ce auna waɗannan gine-gine, tare da duba abin da suke jawo wa harshe.

2.0 Siffa da Amfani

Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, aka sake gina ta da siminti. Babu mai musun cewa birni mai wannan cunkoso yana bukatar manyan hanyoyi, haka kuma ginin ƙasa yana da wahalar yaɓe duk shekara. Inda gizo ke saƙar shi ne, sabon ginin ya ari siffar tsohon, ya watsar da hikimarsa.

A ginin gargajiya kowane abu da aikinsa. Kaurin bangon tubali yana tare zafi, azarar giginya ba ta jin gara, makuba tana kare katanga daga ruwa, zaure kuma yana tsayar da baƙo kafin ya kai ga iyali. A yau kuwa, za a tayar da bulo, a rufa kwano, a jera gilashi, sannan a ɗora zankon siminti a zana dagi don kwalliya. In aka ɗauke wuta da bazara, irin wannan gida ba ya zaunuwa.

3.0 Tasiri ga Harshe

Hausa ba ta gaza wajen aro ba, domin ta hausantar da bulo da falo da kankare da rodi. Amma kalmar sana'a tana rayuwa ne a bakin masu sana'ar. Na taɓa tambayar ɗalibaina Hausawa ma'anar ɗaurin guga, sai aji ya yi tsit, alhali da irin wannan dabara ta baka Babban Gwani ya rufa Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ƙamus zai adana kalma, amma ba zai nuna yadda ake jera azara ba.

4.0 Kammalawa

Saboda haka, ya kamata masana harshe su tuntuɓi sarakunan magina da tsofaffin masu sana'ar tun suna raye, a tattara kalmomin tare da bayanin aikinsu, domin masu tsara gine-gine su amfana. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.