Riƙe ƙugu da kwarjini: sharhi a kan littafin Presence na Amy Cuddy

Wani abokin aikina ne ya ba ni aron littafin nan, a makon da aka ce ni zan riƙe sashen shirye-shirye na gidan rediyonmu. Ya ga fargaba a fuskata, domin cikin waɗanda zan shugabanta akwai masu riƙe makirfo tun ina lakwal. Ya ce, "Karanta wannan, zai ba ki ƙwarin gwiwa."

Littafin ya fito a 2015. Marubuciyarsa Ba'amurkiya ce, masaniyar halayyar ɗan'adam da ta koyar a makarantar kasuwanci ta Harvard. Jawabin da ta yi a dandalin TED a 2012 ne ya fito da ita, miliyoyin mutane sun kalle shi. Dabarar da aka fi saninta da ita mai sauƙi ce: kafin ka shiga taro ko ganawar neman aiki, ka keɓe na minti 2, ka ware ƙafafu, ka riƙe ƙugu, ka ɗaga haɓa. A cewarta, in jiki ya yi tsayuwar mai iko, zuciya za ta bi sahu.

Hujjar farko ta wannan magana wani bincike ne da ta yi a 2010 tare da Dana Carney da Andy Yap, a kan mutum 42. Suka ce tsayuwar tana ƙara sinadarin testosteron, tana rage kotizol, wato sinadarin da ke hauhawa in mutum ya shiga damuwa. A 2015, shekarar da littafin ya fito, Eva Ranehill da abokan aikinta suka maimaita gwajin da mutum 200. Ba su ga canji a sinadaran ba. Abin da ya rage kawai shi ne mutanen sun ce sun ji kansu da ƙarfi. A 2016 Carney, wadda sunanta ne na farko a binciken asali, ta fito fili ta ce ba ta yarda tasirin na gaske ba ne. Cuddy ta tsaya a kan batun jin ƙarfin. Duk da haka har gobe masu shirya bita a kan shugabanci suna ta sayar da tsayuwar kamar maganin da likita ya rubuta.

Amma ko da a ce binciken ya tabbata, akwai inda littafin ya bar ni a hanya. Ya ɗauki cika ido a matsayin abin da ke faruwa a cikin mutum: ka ji ka isa, sai ka isa. A Hausa kwarjini ba haka yake ba. Ba a cewa "ina da kwarjini", sai dai a ce "wane yana da kwarjini". A idon mutane yake zaune, su suke ba ka shi, su ne kuma suke karɓe abinsu. Mu ƴan rediyo mun fi kowa sanin wannan. Mai saurare a Damagaram ko Maraɗi bai taɓa ganin kafaɗata ba, amma cikin daƙiƙa kaɗan yana gane wanda ya san abin da yake faɗi da wanda ke cika iska da murya.

Sannan jiki ma harshe gare shi, kuma kowace ƙasa da nata. Macen da ta riƙe ƙugu a tsakar gidan Bahaushe, masifa za ta yi. Yaron da ya zuba wa dattijo ido, an ce ba shi da kunya. A yi wa Cuddy adalci, a ɓoye ta ce a yi tsayuwar. Sai dai shawarar nan ta kowa ya mamaye wuri da jikinsa an ɗinka ta ne daidai da ofisoshin Amurka, kuma littafin bai damu sosai da inda sunkuyar da kai yake nufin tarbiyya ba.

Inda ya fi burge ni shi ne wurin da ba a cika ambata ba. Ta ba da labarin haɗarin motar da ta yi tana shekara 19, da rauni a ƙwaƙwalwa, da yadda ta daɗe tana jin ba ta cancanci gurbinta ba. Ta kuma bayyana cewa mutane suna fara auna ko za su amince da kai kafin su auna ƙwarewarka. Da a kan wannan aka gina littafin duka, da ban sami abin cewa ba. Tsayuwar ce ta yi suna don ita ce ke shiga hoto.

Na gwada, ba zan ɓoye ba. Ranar taron farko na shiga banɗaki na riƙe ƙugu, na kuwa ji sanyi-sanyi a raina. Ina zama, dattijon da ke kula da na'urorinmu ya ce, "Ƴata, me ya sa aka sauya jadawali ba a gaya wa kowa ba?" Ba ni da amsa, kuma minti biyun nan ba su ba ni ita ba.

Bayan wata uku aka karanta sanarwar rasuwa da sunan wanda yake raye. Dangi suka cika ƙofar gidan rediyo. Wata ƴar koyon aiki ce ta kwafi takardar, ni kuma na sa hannu ban duba ba. Da darekta ya tambayi mai laifi, na ce ni ce, muryata na rawa, kafaɗuna a zube, duk abin da littafin ya hana. Na fita na ba dangin haƙuri, na karanta gyaran da bakina har sau uku.

Washegari dattijon nan ya leƙo da jadawali a hannu. Har yanzu "ƴata" yake ce mini, amma tun daga ranar ba ya taɓa sauya komai sai ya tambaye ni.