Baƙin Gagai a Ɗakin Gwaji: Tsokaci Kan Ma'anar "Ƙarfin Maza"

Tun farkon mulkin Turawa likita J. M. Dalziel ya tattara tsirrai a ƙasar Kwantagora, kuma a 1916 ya buga ƙamusinsa na sunayen tsirrai da Hausa. Daidaita sunan tsiro da takwaransa na kimiyya abu ne mai yiwuwa. Wuyar aikin tana wajen fassara abin da Bahaushe ke nufi da amfaninsa.

Mu ɗauki baƙin gagai, wato Fadogia agrestis. A 2005 Yakubu da Akanji da Oladiji na Jami'ar Ilori suka ɗura wa ɓeraye maza ruwan jiƙon karansa, miligiram 18 da 50 da 100 a kowane kilo na nauyin jiki. Barbara ta ƙaru, sinadarin testostaron ya hau. Aikin yana da tsari, ba a musu. Sai dai sha'awa suka auna, alhali magidancin da ke tsugunawa gaban mai magani a kasuwar Kwantagora yana cewa "ƙarfin maza", sau da yawa haihuwa yake nufi, kunya ce ta hana shi faɗa.

Su dai waɗannan manazarta sun nuna a 2008 cewa shan jiƙon na kwana 28 ya yi wa marainan ɓerayen illa, kuma waɗanda aka ba mafi ƙarancin awo ne suka fi farfaɗowa. Masu tallar ƙwayoyinsa a Amurka binciken farko suke ambata. Na biyun kuwa, wanda ya fi shafar mai neman ɗa, ba kasafai yake fitowa daga bakinsu ba.