Gawar Talabijin da Gawar Tafkin Kainji

Fim ɗin binciken kisan kai yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya saɓawa: kafin a tashi, sai gawa ta ba da shaida. Daga CSI na Amurka, wanda aka haska tsakanin 2000 da 2015, har CID na Indiya da ya fara a 1998, salon bai sauya ba. Likita zai duƙa, ya yaye mayafi, ya ce an kashe mutumin tsakanin ƙarfe tara da goma na daren jiya. In an sako zancen bakteriyar hanji kuwa, sai a ɗebi samfuri, kwamfuta ta yi ƙara, amsa ta fito kafin jami'i ya gama shan shayi.

Mai kallo a Wara ko Yawuri ya fi kowa damar gane inda aka yi ƙarin gishiri, domin ruwa ya koya masa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da ɗari ya nitse a tafkin Kainji kusa da Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Kaɗan aka tsamo a ranar farko. Wasu da dama sai a kwanakin da suka biyo baya masu ninƙaya da masunta suka riƙa samunsu, Allah ya jiƙansu. Basarke bai buƙatar a gaya masa cewa wanda ruwa ya ci ƙasa yake yi tukuna, sai ya kwana biyu ko uku ya taso. Abin da ke ɗago shi iska ce. Da zarar rai ya fita, bakteriyar da ta zauna lafiya a hanji tsawon rayuwa takan shiga cin nama, tana fitar da iskar gas mai wari, ciki ya kumbura, jiki ya yi sauƙi. Shi ya sa alamar ruɓa ta farko kan zama kore-kore a ƙasan ciki ta ɓangaren dama, inda babban hanji ya fara. A fim kuwa, gawa na yawo a saman ruwa tun daren da aka jefa ta, fuska sama, gashi a kwance.

Aikin nan duka zafi ke tafiyar da shi. Ruwan Kainji a watan Mayu da ɗumi yake. A tafkin Sufiriya da ke tsakanin Amurka da Kanada, sanyin ƙasan ruwa kan hana bakteriya aiki har gawa ta ƙi tasowa. Tun ƙarni na 19 likitan Jamus Johann Casper ya kimanta cewa ruɓar mako ɗaya a sarari daidai take da ta mako biyu a ruwa, ko takwas a kabari, kuma ko wannan kirdado ne. To ina batun faɗin awa? A 2013 Jessica Metcalf da abokan aikinta a Jami'ar Kolorado sun bi sauye-sauyen bakteriya a gawar ɓeraye tsawon kwana 48, suka iya kimanta lokacin mutuwa da kuskuren kusan kwana uku. Masana sun ɗauki wannan babbar nasara. A ɗakin gwaji aka yi shi, ba kifi, ba igiyar ruwa, ba ranar bazara.

Batun gano mutum ta bakteriyar cikinsa yana da ƙanshin gaskiya. Wani binciken Jami'ar Harbad na 2015 ya gane sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka gwada, amma cikin 'yan ɗaruruwa, kuma da samfurinsu na baya a ajiye. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda ma ya isa ya hargitsa lissafin.

Ban ga laifin marubucin fim ba don ya taƙaita jira. Minti arba'in da 'yan kai gare shi, ga tallace-tallace. Inda nake da ja shi ne yadda salon ya kori shakka gaba ɗaya. Likitan fim ba ya cewa “mai yiwuwa”, alhali rabin aikin likitan gaske ke nan. Dubi maganar barasa. Jami'i ya karanta takarda, ya ce an samu barasa a jinin mamaci, shi ke nan, a buge ya faɗa ruwa. Amma bakteriya da kanta tana sarrafa sukarin jiki ya koma barasa bayan mutuwa, musamman a gawar da ta kwana cikin ruwa mai ɗumi. Mutumin da bai taɓa kurɓa ba sai gwaji ya nuna ta a jininsa. Saboda haka masu binciken gawa kan ɗebi ruwan cikin ƙwayar ido, wanda bakteriya ba ta saurin kaiwa gare shi, su gwama da na jini da fitsari kafin su buɗe baki. A garin da kalmar mashayi za ta bi 'ya'yan mamaci har wurin neman aure, mai kallon da ya saba da amsar minti biyu yana iya gaskata takardar farko da aka nuna masa.