Wakilcin Na'ura a Ofis: Iyakar Izini Kafin Wayo

Lokacin da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, iyakar abin da ƙirƙirarriyar basira ke yi wa ma'aikacin ofis shi ne ba shi amsa: ya tambaya, ta rubuto, ya ɗauki abin da ya ga dama ya shigar da hannunsa. A 2025 lamarin ya sauya salo. Kamfanin Anthropic ya fitar da Claude Code, OpenAI ya biyo da Codex CLI, Google ya kawo Gemini CLI, dukkansu kuwa a kan layin umarni suke aiki, wato baƙin allon nan da masu kula da kwamfuta ke rubuta wa na'ura umarni kalma-kalma, al'adar da ta kafu sosai da tsarin Unix wanda aka fara a 1969. Yanzu basirar ce da kanta ke rubuta umarnin, ta aika, ta karanta abin da ya fito, ta ɗora wani. Idan aka haɗa ta da manhajar gudanarwa, irin wadda ake buɗe wa ma'aikaci asusu da ita, ko gyara jerin albashi, ko goge suna, to ta tashi daga mai ba da shawara ta koma mai zartarwa. Masu tallar wannan tsari wayon na'urar suke nuna mana. A ganina abin aunawa shi ne faɗin izinin da aka ba ta, da kuma ko aikinta yana barin sawun da za a iya bi.

Maganar ba ta yi wa kudancin Jigawa nisa ba. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, kamar takwarorinta, albashin ma'aikatanta ta tsarin IPPIS yake bi. Alƙaluman wata-wata na ƙananan asibitocin Gwaram da Birnin Kudu, na rigakafi da awon ciki da zazzaɓin cizon sauro, a manhajar DHIS2 ake zuba su, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, kuma tana da ƙofar da wata manhaja ke iya shiga ta karanta ko ta rubuta. Ga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wanda in aka bi shi zai ƙara wa sakatariyarsu nauyin lissafi. Jami'in da takardu suka taru a gabansa a ƙarshen wata, in aka ce ga abin da zai gama masa aikin kwana uku kafin azahar, ba wanda zai ga laifinsa in ya miƙa hannu. Jigawa kuwa ba baƙuwar rungumar sabon abu ba ce: tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta Kazaure.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan matsala a babin wakala. Sun bambanta wakilin da aka sakar wa komai da wanda aka keɓe wa aiki guda, suka ce wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wanda ya ba dillali sa a kasuwar Sara ya ce kada ya sayar ƙasa da kaza, in dillalin ya karya farashi, akwai sarkin kasuwa, akwai alƙali, akwai kunyar idon jama'a. Duk ginin ya tsaya ne a kan cewa wakilin mutum ne da za a iya kira a tuhuma. Na'ura ba ta da albashin da za a yanke, ba ta da sunan da zai ɓaci, don haka duk abin da ta aikata yana wuyan wanda ya ba ta izini. Wakilin da ba a iya tuhuma bai cancanci a sakar masa komai ba. Masanan tsaron kwamfuta ma nan suka tsaya: a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka shimfiɗa ƙa'idar cewa kowace manhaja a ba ta mafi ƙarancin izinin da aikinta ke buƙata. A aikace, a buɗe wa na'urar asusunta na daban, a jera umarnin da aka yarje mata, kada a taɓa ba ta kalmar sirrin babban jami'i.

Dalilin nacewa a kan haka ya bayyana a watan Yuli na 2025, lokacin da wakilin basira na kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr a Amurka, alhali ya gaya masa ƙarara kada a taɓa komai. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ba da haƙuri, suka kuma raba rumbun gwaji da na ainihin aiki. Abin lura shi ne hani da baki bai tsare komai ba, tunda ƙofar a buɗe take. A wajenmu hatsarin ba sai ya yi ƙara irin wannan ba. A ce an umarci na'ura ta tsabtace jerin malaman firamare daga sunayen da suka maimaitu, don a kama ma'aikatan bogi. Musa Ibrahim nawa ne a ƙasar Gwaram? Muhammad Sani nawa? Da yawansu ranar haihuwarsu a takarda 1 ga Janairu ce, domin ita ake sa wa wanda ba a rubuta ranarsa ba. A ɗaya gefen kuma mutum guda ne ake rubutawa Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wani wuri, ko Ɗanladi da lanƙwasa yau, gobe babu. Na'urar za ta iya haɗe mutum biyu su zama ɗaya, ta bar ɗan bogin da ya sauya harafi, sannan ta rubuto rahoto mai tsafta cewa an gama. Malamin da sunansa ya fita ba zai sani ba sai ƙarshen wata, ranar da wayar kowa ta yi ƙara tasa ta yi shiru. Lambar NIN tana rage wannan ruɗani, amma sai inda aka riga aka shigar da ita daidai.

Wani zai ce to a rufe ƙofar baki ɗaya mana. Ban bi wannan ba, domin layin umarni yana da wata falala da danna hotuna ba shi da ita: kowane umarni rubutu ne, ana iya adana shi da ranarsa da sa'arsa da asusun da ya aiko shi, mai binciken kuɗi ya zo bayan shekara ya karanta layi-layi. Ofishin da mutum biyar ke shiga da kalmar sirri guda, wadda aka rubuta a bangon fayil, ya fi wannan duhu nesa ba kusa ba. Sharaɗin kawai shi ne rajistar ta zauna inda na'urar ba ta da ikon gyara ta.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa in sai mutum ya amince da kowane umarni, saurin ya tafi, kuma jami'in da aka tambaya sau ɗari zai koma danna amincewa ido rufe. Gaskiya suka faɗa, shi ya sa ba kowane umarni ne ya kamata a tsayar ba. Haɗa alƙaluma, gano gurbin da ba a cike ba, tsara daftarin rahoto, waɗannan a bar ta ta yi. Abin da ba ya dawowa cikin sauƙi, kamar gogewa, dakatar da albashi, sauya lambar asusun banki, shi ne za ta fara nuna jerin waɗanda zai shafa, a ɗauki kwafin ajiya, mutum mai suna da muƙami ya sa hannu. Ko izinin karantawa kaɗai ma ba a sake jiki da shi ba. Akwai dabarar cusa umarni cikin rubutu, wadda Simon Willison ya raɗa wa suna a 2022: mai mugun nufi ya ɓoye umarni cikin takardar koke, na'urar ta karanta ta ɗauka daga ubangidanta ne. Sannan abin da ta karanta a allon yawanci yana tafiya kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta a ƙasar waje, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su, ta kuma ba ɗan ƙasa damar ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa.

Saura masu cewa ina wuta, ina sabis, da za a tsaya wannan dogon tunani. Rashin wutar ma hujja ce a gare mu. Yankin KEDCO, Kano da Katsina da Jigawa, ya sha duhun kwanaki a Oktoban 2024 bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Umarnin da zai gyara suna dubu, in sabis ya yanke a na ɗari huɗu, ya bar jerin rabi sabo rabi tsoho, sai fa in an gina manhajar yadda aikin zai kammala duka ko ya koma yadda yake. Irin wannan sharaɗi a takardar kwangila ake sa shi, tun kafin a biya ɗan kwangilar da zai yi haɗin, tare da jerin umarnin da aka yarje da sunan ofishin da zai riƙe rajista.