Amo, Ɗan Axim da Ya Gwanance a Muƙabalar Jamusawa

A jami'o'in Jamus na ƙarni na 18, rubutu kaɗai ba ya ba mutum digiri. Sai ɗalibi ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta, da harshen Latin, ana jifansa da hujjoji. A wannan fage ne Anton Wilhelm Amo ya yi suna. An ɗauko shi yana yaro daga Axim, a ƙasar Ghana ta yau, ya tashi a fadar Wolfenbüttel, ya shiga jami'ar Halle a 1727, daga baya ya koma Wittenberg.

Muƙabalar tana da ƙa'ida mai tsauri. Idan abokin hamayya ya kawo sukarsa, ba a yarda ka yi caraf ka ba da amsa ba. Dole ka fara maimaita maganarsa yadda ya faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Sannan ka bi ta gaɓa-gaɓa: wannan na yarda, wannan ban yarda ba, wannan kuwa fuska biyu gare ta, sai mun rarrabe. Mai saurin fushi ba ya kai labari a nan, haka ma wanda hadda kawai ya iya.

A 1734 Amo ya kare kundinsa na digirin dakta a Wittenberg, kan batun da ya haɗa falsafa da ilimin halayyar ɗan Adam: idan wuta ta ƙona ka, wa ya ji zafin? Ya ce jiki ne, ba hankali ba. Ga yadda ya jera hujjar: duk abin da ke ji yana da rai irin na jiki, mai wannan rai yana ci, yana girma, yana ruɓewa. Hankali ba ya ci, ba ya ruɓewa, saboda haka ba ya jin zafi, saninsa kawai yake yi. Har masanin falsafa Descartes, wanda ake ji da shi a lokacin, bai tsira ba. Amo ya nuna inda maganganunsa suka ci karo da juna.

Likitan ƙwaƙwalwa na yau zai ja da shi, babu shakka. Abin burgewar shi ne kowace gaɓa a fili take, mai son rushe ta ya san inda zai sa hannu. A shekarar 1734 ɗin dai Amo ya shugabanci muƙabalar wani ɗalibi Bajamushe, daga baya ya koyar a Halle da Jena, kafin ya koma gida wajejen 1747.