A ba yaro zarto na gaske

Makon jiya ɗan ƙanwata, mai shekara tara, ya dawo daga makaranta rungume da 'yar kujerar da ya haɗa da hannunsa. Ƙafa ɗaya ta gaza sauran tsawo, ko ina aka ajiye ta sai ta yi ta rangaji. Uwarsa har ta fara hangen makamashi, na ce a bar masa kayansa.

Ina tare da makarantun da suka fara koya wa ƙananan yara aikin kafinta, amma da sharaɗi: kayan aikin su zama na gaske, kuma na hannu. Guduma ta roba abin wasa ce, yaro ma ya san haka.

Mun taɓa gwadawa ai. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi odar manyan injuna daga Gabashin Turai don koyar da fasaha a ƙananan sakandare. A makarantarmu akwatunan suna jibge a sito har muka gama. Babu wuta, babu wanda ya iya kunna su. A allo aka zana mana zarto, muka kwafe a littafi, muka ci jarrabawa.

Mutanen Suwidin ta wata hanya suka bi. Tun ƙarni na 19 Otto Salomon ya tsara darasin da ke farawa da wuƙar sassaƙa kawai, yaro ya yi abin da za a mora a gida, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Har gobe darasin aikin hannu wajibi ne a makarantunsu. Mu ma ba baƙi ba ne a nan: makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Ga kuma masassaƙan turmi da muciya a kasuwanninmu, da gizagonsu, ba wanda ya gayyace su aji.

Iyaye na tsoron yanka, kuma da gaskiyarsu. Maganinsa yara kaɗan a gaban malami ɗaya, da katako mai laushi da aka ɗaure tamau kafin a sa masa zarto.

Shi kuwa gogan, da na tambaye shi abin da ya samu kujerar, cewa ya yi: "Kawu, sau ɗaya na auna." Jiya ya zo aron tef ɗina, wai zai rage sauran ƙafafun uku.