3.2 Zane da Ma'ana: Shanun Duwatsun Birnin Kudu da Siffanta Mace da Namiji

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar zane da ire-irensa. Wannan sashe kuwa zai duba yadda zane ke isar da saƙo ba tare da kalma ba, da kuma yadda mai kallo kan ɗora masa jinsi, wato ya ce wannan na maza ne, wancan na mata. An ɗauki zanen duwatsun Birnin Kudu ta Jihar Jigawa a matsayin misali, aka kwatanta shi da zanen barkwanci na jaridu.

A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai tsofaffin zane-zane, mafi yawansu na shanu. Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya yi nazarinsu, kuma a nan Birnin Kudu ne ya ci karo da duwatsu masu amo idan an buga su, a shekarar 1955. Abin lura shi ne, wasu daga cikin shanun suna da dogayen ƙahoni amma ba su da tozo. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan yankin, irin su Unguwar Ya, ya san bunaji da rahajin da Fulani ke kiwo a yau masu tozo ne. Ashe ke nan layin gadon baya kaɗai ya isa ya shaida cewa irin shanun da mai zanen ya sani daban suke da na yanzu.

Wannan dabara ta rage siffa domin fito da abu guda ita ce ginshiƙin zanen barkwanci. Scott McCloud (1993), wani mai zane ɗan Amurka, ya nuna cewa sauƙaƙa hoto yana ƙara wa ma'anarsa ƙarfi, kuma mai karatu ne ke cike giɓin da ke tsakanin hoto da hoto. Haka abin yake a nan. Mai zanen dutse ya bar gashi da sauran ƙananan siffofi, ya riƙe ƙaho. Mai zanen jarida shi ma yakan bar kamannin fuska, ya riƙe hula da babbar riga ya ce ga namiji, ya riƙe ɗankwali da mayafi ya ce ga mace.

To amma a nan ne matsala take. Ƙaho siffar sa ce ta halitta, alhali abin da ake rataya wa mace ko namiji a zane zaɓin al'ada ne. Idan kullum aka zana namiji da alƙalami ko sanda, mace kuwa da tulu ko muciya ko goyo, to zanen ya wuce bayyana jinsi, ya shiga yanke wa kowa aikinsa. John Berger (1972) ya lura da irin wannan a zanen Turai, inda ake nuna namiji yana aikatawa, mace kuwa an ajiye ta don a kalla. Yaron da ya saba ganin haka a littafin makaranta ba zai yi saurin ɗaukar mace da farar riga a matsayin likita ba.

Irin wannan sabo yana bin mai kallo har gaban dutse. Da an ga shanu sai a ce aikin makiyaya maza ne. Babu abin da ke jikin zanen da ya tabbatar da haka. A al'adar Fulani namiji ne ke kora shanu kiwo, amma sarrafa nono da man shanu da sayar da su a hannun mace suke. Saboda haka saniya dukiyar ɓangarorin biyu ce. Bugu da ƙari, masu binciken farko sun danganta waɗannan duwatsu da al'adun biki da suka shafi amare, wanda ke nuna cewa mata ba baƙi ba ne a wurin.

Bahaushe kan ce gani ya kori ji, amma wannan misali ya nuna cewa ganin ma yana tafe da abin da aka taɓa ji. Zane yana bayar da layi da launi, mai kallo kuma yana ƙara masa abin da ya gada. Don haka wajibi ne mai nazari ya rarrabe abin da hoto ya nuna da abin da al'ada ta sa shi gani. Da wannan ma'auni za a duba zanen bangon littattafan soyayya a sashe na gaba.